Injin da Ba a Bari Ya Huta Ba

Wata rana na shiga wani kemis a Kakuri, na tarar da wani dattijo mai tuƙa Keke Napep yana sayen maganin ciwon jiki. Mai kemis ko tambayarsa bai yi ba, ya miƙo masa. Ashe kullum sai ya saya.

Sai ga wani tsoho ya shigo. Suna haɗa ido suka rungume juna. Ashe tare suka yi aikin lantarki a wata masaƙa, kafin a rufe ta.

Ni da na zo sayen maganin mura, sai na share wuri na zauna. Jin hirar mutane dai ba ya ba ni wahala.

Suka tuno ɗakin da ake sarrafa injina. Dogayen akwatunan ƙarfe a jere, kowane inji da nasa sashen, da ƙananan fitilu kore da ja. Daga nan ake kunnawa, daga nan ake kashewa. Da safe ɗaya bayan ɗaya suke tayar da su, har duk unguwa ta ɗauki ƙugi.

Idan kuma aiki ya yi wa inji yawa ya fara zafi, akwai na'urar da ke yanke masa wuta da kanta, kafin kwayil, wato naɗin wayar cikinsa, ya ƙone.

Suna dariya, idonsu na kawo ruwa. Ni ma sai da kewa ta kama ni, don da wannan ƙugin na girma.

Can tsohon ya hango ƙwayoyin a hannun abokinsa.

"Sallau, ba kai ne ka kusa rasa aikinka ba, don ka ƙi ɗaure na'urar nan da waya lokacin da manaja ya ce kada inji ya tsaya?"

"Ni ne. Ai da ya ƙone."

"To ga shi kana ɗaure taka."

Malam Sallau ya dubi hannunsa. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin.

Sannan ya ajiye su a kan kanta, ya naɗe hannun rigarsa, ya ce wa mai kemis, "Ɗana, auna min jinina."

Darasi: Ciwon kai da gajiyar da ba ta wucewa, jikinka ne ke yanke wuta don kada ka ƙone. Kada ka toshe masa baki da ƙwaya, je ka a duba ka.

Tura wa wanda ka san ba ya hutawa, musamman iyayenmu.