Makon da Kajina Suka Tsayar da Kwamfuta

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu surukaina sai na yi lalube. Amma akwai abu ɗaya da ba zan manta ba har a sa ni a ƙasa: makon da kwamfuta ta gagari jikata, ni da ban taɓa zama a aji ba na nuna mata hanya.

Jikar tawa takwarata ce, a hannuna ta tashi a nan Bomo. Lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, a Samaru, tana koyon yadda ake ba kwamfuta umarni. An ce kowa ya haɗa abin da zai nuna kafin a sallame shi. Ita sai ta haɗa manhajar da za ta tara yawan kajin kowane gida, ta faɗa wa likitocin dabbobi yawan maganin riga-kafin da za su kawo, wanda ake ɗiga wa kaza a ido kafin ciwon nan mai share akurki ya iso. 'Yan ajinsu suka bi gida-gida da wayoyi suna tambaya suna rubutawa.

Wata Litinin da azahar ta shigo ko sallamar kirki babu, ta zube a tabarma. Na ce, "Takwara, wa ya mutu?"

"Ni ce na kusa, Kaka. Malamina ya danna a tara masa jimilla, maimakon lamba sai haruffa uku suka fito. Ya ce ranar Alhamis za a tsayar da mu gaban manya, in ban gyara ba sai baɗi."

Baɗi! Yarinyar da tuni na saya wa zanin bikin gama karatu.

Na ce me haruffan ke nufi. Ta ce nufinsu wai "wannan ba lamba ba ce". Ta buɗe kwamfutar tana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ta tsaya, ta ɗago ta zuba mini ido.

"Kaka, da yaran nan suka zo, kaji nawa kika ce kina da su?"

"Na ce sai godiya."

"To ga shi nan, haka suka rubuta! Sai godiya! Maƙwabciyarki ta ce alhamdulillahi. Gidan mai unguwa sun ce 'yan kaɗan. Ya za a yi na tara bakwai da alhamdulillahi?"

Na ce, "Ke ma dai da neman magana. Wa ya taɓa bayyana yawan dabbobinsa a bakin ƙofa, gaban baƙo? So kike baki ya kama su?" Haka muka taso. Ba a ƙirga 'ya'ya da ƙarfi, ba a ƙirga abin kiwo. 'Yan boko ne dai suka manta, don su a takarda suka girma.

Can ta ce ta samo dabara: duk inda aka rubuta abin da ba lamba ba, za ta sa kwamfuta ta ɗauke shi sifili, lissafi ya wuce lafiya. Na tambayi ma'anar sifili, ta ce babu.

Nan fa raina ya ɓaci. "Ni? Ni za ki rubuta ba ni da kaza ko ɗaya? Leƙa tsakar gida ki gani! In likita ya zo ya tsallake gidana, ciwo ya share su, ke za ki haifa mini wasu? Wanda ya ƙi faɗa daban, wanda ba shi da shi daban. Kwamfutarki ta gaya miki gaskiya, ke kuma kina so ki koya mata ƙarya."

Sai na ba ta labarin ƙuruciyata. Ina budurwa na yi aiki wajen wata matar Ibo mai gasa kek a Sabon Gari. Rana ta farko na tsaya ina fasa ƙwai kai tsaye cikin babban kwano, ina jin daɗin saurina. Na kusa gamawa, sai na fasa bara-gurbi. Wari ya cika shago, kwano duka aka zubar a kwata. Matar nan ba ta dake ni ba. Ta miƙo mini ƙaramin kofi ta ce, "Kowane ƙwai ya fara sauka nan. Ki duba, ki shinshina, sannan ya shiga kwano." Har yau ko ƙwai biyu zan soya, sai sun bi ta kofi.

Na ce wa takwarata, "Ke kwanonki ba shi da kofi. Kome aka kawo miki kina zubawa, shi ya sa ɗaya ya lalata duka. Ki duba kowace amsa tun a bakin ƙofa. In lamba ce, ta shiga. In ba ita ba ce, kada ki zubar, kada ki yi mata ƙarya, ki ajiye ta gefe ki ce a koma gidan."

Sai ta jawo kwamfutar. Yatsunta suka fara gudu kamar mai tsince shinkafa. Kafin la'asar ta ce in jarraba ta. Na gyara zama. Na ce ta rubuta alhamdulillahi, kwamfutar ta ƙi karɓa. Na ce ta bar wurin ba komai, ta ƙi karɓa. Na ce ta rubuta biyu da rabi. Sai ta karɓa.

"Ai lamba ce, Kaka."

"Lamba ce a wajenki. Rabin kaza sai a tukunya, ita kuwa ta wuce riga-kafi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta gyara wannan ma.

Saura gidajen da aka ajiye gefe. Ta ce za ta koma ta roƙe su su faɗa. Na ce ba za su faɗa ba, ta biyo ni kawai. Talata da Laraba da sassafe, kafin kaji su bazu, muka bi gidajen da tsaba a ƙwarya. Ni in shiga gaisuwa da matar gida, in watsa tsaba, kaji su taru, ita kuwa ta ƙirga a zuci ta danna a waya. Ba wanda ya furta lamba, ba wanda ya ji an ci masa fuska. Nawa ma haka ta ƙirga su, kuma har yau ban tambaye ta nawa ta samu ba.

Ranar Alhamis na ɗaura zanina na fita kunya na bi ta. Ba a shiga da iyaye, sai na zauna a gindin wata bishiya ina jan carbi. Ta fi awa a ciki. Da ƙofa ta buɗe, ba ita kaɗai ta fito ba, har da wani farfesa mai furfura, wanda ta ce kowa tsoronsa yake ji. Ashe ya zauna ya yi ta zuba wa manhajar shirme, haruffa, fili, lambar da ta gaza sifili, tana mayar masa. Da ya gaji ya tambayi takwarata a wane littafi ta koyi raba "babu" da "ba a faɗa ba", ta ba shi labarin kofin, ta ce a wajen kakarta, ga ta can waje.

Mutumin nan ya rusuna a gabana, ɗalibai suna kallo. Ya ce, "Mama, ashe ke ce mai kofin? Shekara da shekaru ina koyar da wannan, ban taɓa samun misalin da ya kai naki ba. Kin ba ni izini in riƙa ba ɗalibai?"

Na ce, "Na ba ka, ɗana. Amma ka riƙa cewa daga Bomo ya fito."

Zanin bikin nan da na saya mata an ɗaura shi a shekarar, ba a kai baɗi ba. Da likitocin suka zo kuwa, ba gidan da aka tsallake.

Abin da na ɗauka shi ne, kome aka miƙo maka, duba shi kafin ka haɗa da sauran, kuma shirun mutum ba ya nufin ba shi da komai. Wannan ilimi ban same shi a allo ba, a ƙaramin kofi na same shi, amma sai da farfesa ya rusuna masa.