Mai baƙin tabarau a wajen mai shayi

"Na biyu ya fi, ya zol!" in ji abokina Sale, wato "kai mutumina". Muna zaune wajen mai shayi a kasuwar Suk al-Shabi, muna gardama da Larabci kan wani fim na ɗan leƙen asiri, kashi na ɗaya da na biyu.

Na ce, "Na biyu hayaniya ce kawai, mota ta tashi sama, bam ya fashe, labari babu. Na ɗaya yana da sanyi, har gyangyaɗi na yi, amma sai ƙarshe kake gane munafukin da ya sayar da abokan aikinsa."

A bayanmu akwai wani mai baƙin tabarau, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Don in tsorata Sale sai na koma Hausa, yadda muka saba in ba ma so a ji mu.

"Rage murya, wancan jami'in tsaro ne. Yau a wajensu za ka kwana."

Sale ya ƙware da shayi, ni ina ta dariya.

Mutumin ya miƙe, ya dafa kafaɗata, ya ce da Hausa tsantsa, "Gaskiyarka, na ɗaya ya fi. Mai aikin leƙen asiri ba ya dira daga bene, zama yake yana saurare. Ka gai da kawunka makaniki na unguwar Alshajara."

Wallahi ban taɓa ganinsa ba. Da na gaya wa Kawu, sai ya rufe gareji tun kafin la'asar.

Jama'a, ku faɗa min gaskiya: ɗan uwa ne ya fi ni iya tsokana, ko mu fara kwana da takalmi a ƙafa?