Fedar Hagu ta Kawu Bitrus

Duk cikinku ba wanda bai san farin hankicin Kawu Bitrus ba. To, ba na share gumi ba ne, ko kusa! Gumi da hannun riga yake share shi. Hankicin na fedar kekensa ne. Kafin ya hau sai ya durƙusa ya hura mata iska da baki, ya goge, ya leƙa ya ga gashin bakinsa a jikin ƙarfen, ya gyara shi, sannan ya ɗora ƙafa. In ka yi dariya ya harare ka ya ce, "A nan ƙafata take cin abinci. Kai a ƙazamin kwano kake cin naka?"

Keken irin na tsere ne, mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago. Tun yana sabon malamin makaranta ya saye shi, rana ɗaya da amininsa Ba Modu na unguwar Galtimari, iri ɗaya, launi ɗaya. Ni Saratu 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na unguwar Bulumkutu na girma, kuma ban taɓa ganin ƙafar wani a kan fedar nan ba. Wata rana fastonmu ya zo aro, wai zai je duba mara lafiya. Kawu ya dubi takalmin fasto, ya ga taɓo, ya yi gyaran murya.

"Fasto, addu'ar ba ta kaiwa daga nan ne?"

Da ƙafa bawan Allah ya tafi.

Maganar Ba Modu kuwa, kun san ta. Suna samari suka yi tsere zuwa Konduga, akuya ta gitta musu a bakin gari, tun daga ranar kowannensu yake cewa shi ya ci. Sun tsufa suna wannan musu, suna shan shayi a kai. Sai a wani biki Ba Modu ya karɓi makirufo ya gaya wa jama'a cewa Bitrus ko ƙurarsa bai gani ba. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ƙafata ba za ta ƙara taka gidanka ba sai ka janye." Shi ke nan. Har Ba Modu ya samu shanyewar ɓarin jiki ya kwanta, Kawu sai dai ya aike ni da lemo, yana cewa kada in ce daga gare shi ne.

Keke napep kuma gurgu mai ƙafa uku yake ce masa, bai taɓa shiga ba. Ai kuwa gurgun ya rama. Wata Lahadi yana cikin coci, wani mai napep ya yi baya ya murƙushe keken a jikin kwalbati. Fedar hagu ta tarwatse, ta dama ta zube ta bar sandar ƙarfe tsirara. Mai gyara ya miƙe tayar, ya miƙe kan, amma da ya ɗauko feda sabuwa baƙa, Kawu ya ja da baya.

"Roba? Ni silifa ne da za a haɗa ni da roba?"

"Baba, ai ita kowa yake sawa yanzu."

"To kowa ya hau."

Ya turo kekensa gida ya jingine, ya zauna. A nan dariya ta ƙare mana. Kawu yana da ciwon suga, kuma likita ya sha gaya mana hawan keken nan ne yake riƙe da shi. Ya ƙi fita, ya ƙi tafiyar ƙasa, wai shi ba ɗan aike ba ne. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Likita ya ja ni gefe ya ce in ya ci gaba da zama, ƙafar za a rasa. Wallahi na ji tsoro. Mama Rifkatu, matarsa, kuka take yi a kicin don kada ya gani.

Na shiga kasuwa, ba layin 'yan keke da ban bi ba. Kowa roba, roba. Wani ya nuna mini ta ƙarfe amma an shafa mata baƙin fenti, na kai gida, Kawu ya leƙa bai ga gashin bakinsa ba, ya ce a mayar. Sai na tura wa Ladi, 'yar'uwarmu da ke Kano, saƙon murya, ina cikin napep ana ta ƙara. Na ce ta nemo mini feda mai ƙyalli, ta ƙarfe, guda biyu. Ta ce an gama, an ba direba. Muka taru a tsakar gida Kawu ya buɗe ƙunshin da kansa.

Foda ce, jama'a! Fodar amare mai ƙyalƙyali, cikin gwangwanin ƙarfe, guda biyu cif.

Mama ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki don dariya. Kawu ya juya gwangwanin, ya shinshina, ya ce, "Ni za a kai ɗakin miji ko keken?" Amma kun san shi, ba a asara a gidansa. Ya cire tub ɗin taya ya barbaɗe shi da ita, wai tana hana shi mannewa. Masu zuwa gaishe shi a makon nan sai su yi ta kallon gashin bakinsa yana walƙiya, ba wanda ya iya tambaya.

Da na rasa yadda zan yi, na nufi Galtimari. Na tarar da Ba Modu a zaure kan katifa, kekensa a rataye jikin bango an lulluɓe shi da tsohon zani.

Na gaishe shi da yarensu: "Wushe, Ba. Ya jiki?"

"Wushe, 'yata. Yau ba lemo? Ko mai lemon ya mutu?"

Na gaya masa komai, har da maganar likita. Ya nuna kekensa da hannunsa mai lafiya. Na yaye zanin, sai ga fedarsa biyun suna sheƙi kamar yau aka saya. Ya ce in ɗauki sifana a taga in kwance ta hagu. Na yi ta murɗawa, tana ƙara ɗaurewa, gumi ya jiƙa mini ɗankwali. Shi kuwa dariya yake yi da rabin baki.

"Juya ta ɗaya hannun. Fedar hagu haka take, inda za ki kwance nan take ɗaurewa. Kawunki ke nan. Kin girma a gidansa ba ki gane ba?"

Na juya, ta fito salin alin. Na kai hannu kan ta dama, ya buga sandarsa a ƙasa.

"A'a! Wannan sai mai ƙafar ya zo da kansa. Kuma kada ki roƙe shi. Zauna in gaya miki abin da za ki ce."

Na ajiye fedar a gaban Kawu. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce, "Ta Modu ce. Mayar masa."

"Ai da ma ya ce in dawo da ita, Kawu. Nuna maka kawai ya ce in yi. Wai ƙafarka ta gama aiki, ko bakin titi ba za ka kai ba, balle Galtimari."

"Modu ne ya faɗi haka? Modun da akuya ta taimaka?"

Washegari da sassafe na ji ƙarar sifana. Ya yanke bayan tsohon takalminsa don ƙafar ta shiga, ya goge fedar da hankici, ya hau. Ƙafa ɗaya a kan ƙarfe mai sheƙi, ɗaya a kan sanda tsirara, yana tafe yana karkacewa. Na bi shi a napep. Yana waiwaye yana ihu, "Saratu, gaya wa gurgun nan kada ya kuskura ya wuce ni!"

Ya tsaya a hanya ya huta, ya sake tsayawa, amma ya kai. A ƙofar gidan Ba Modu na ce a raina to, yau rantsuwa za ta karye. Ina! Bai sauka ba. Da keken ya kutsa cikin zaure, ya dafa bango, ya tsaya a kai yana haki.

"Ka shaida, Modu, ƙafata ba ta taka gidanka ba."

"Tana kan fedata, tsohon banza. Ka taka kayana."

Suka kalli juna. Sai na ga hawaye a idon Ba Modu, Kawu kuma ya zaro hankicin nan da bai taɓa kai wa fuska ba, ya share nasa. Ni dai na zauna a dakali na saki ajiyar zuciya.

Kumburin ya sauka. Daga nan duk Asabar yana Galtimari, yana shan shayi a kan keke ya dafa bango, suna musun akuya. Da ƙafafunsa biyu ya cika, a gadonsa, lokacin da Allah Ya kira shi.

Ranar da muka dawo daga binne shi, 'ya'yan Ba Modu suka ɗauko tsohon a kujera suka kawo shi gaisuwa. Ya sa aka matso masa da keken Kawu, ya shafa fedar hagu, ya kira ni kusa.

"'Yata, shi ya ci tseren Konduga. Amma in kin yi mafarkinsa, kada ki gaya masa."

Ubangiji Ya ba Kawu hutawa, Ya yafe masa taurin kan nan da muke kewa yau. Ya ba Ba Modu sauƙi, Ya ba Mama haƙuri. Amin.