Hoton Kaka Ige da Kyamara Mai Ido Biyu

Kakata ta wajen uwa, Ige, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko katin zaɓe ƙin yi ta yi saboda haka. Ni kuwa da ta raina, ɗaukar hoto ce sana'ata, ina da ɗan shago a Badariya cikin Birnin Kebbi. Na ɗauki amare, na ɗauki ɗalibai, wallahi har ragon layya an taɓa kirana na ɗauka. Amma matar da ta goye ni, babu fuskarta a ko'ina sai cikin kaina. Abin ya daɗe yana cina, don na san ranar da ƙasa ta rufe ta, 'ya'yana ba za su san kamanninta ba.

A gidanta na Argungu na tashi, can muka koma ni da innata bayan rasuwar mahaifina. Kaka bandar kifi take yi. Da an idar da magariba sai ta zauna gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙin yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye, tufafinmu kuwa kullum ƙaurin kifi suke yi har 'yan makaranta na yi mana tsiya. Wutar tana haska tsagen Kabawa da ke kumatunta, layi-layi har gefen baki. Ba ta kirana da sunana, sai dai angona, kuma ba ta rasa abin da za ta caccake ni da shi.

"Angona, matso nan. Miji ba kuɗin cehwane, sai ci kamar gara."

Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya, amma akwai guda da ba a dariya a cikinta. In za ta yi ta, sai ta ajiye sandar juya kifi ta ce, "Ku kawo kunne, ga wata nan tahe, ba ta da daɗi." Mu ce ta iso mu ji. Da zarar ta fara, innata sai ta miƙe ta shige ɗaki, ta ce za ta duba wani abu. A lokacin ban taɓa tambayar kaina me take dubawa ba.

Wai an yi wata mata a bakin gulbi mai 'ya'ya biyu: saurayi masunci, da ƙaramar yarinya mai suna Tumba. Wata rana saurayin ya hau gora ya shiga ruwa da homarsa ta kamun kifi, gora ya dawo, shi bai dawo ba. Aka yi nema aka gaji, ko gawa ba a samu ba. Uwar ta tafi wurin Sarkin Ruwa ta faɗi gabansa. Nan Kaka take sauya murya ta yi ƙasa da ita:

"Tac ce, ni ban ce a maido man shi ba. Huskatai kaɗai nika so in gani."

Sarkin Ruwa ya ce ta samo sabuwar ƙwarya, ta ɗebo ruwa daga inda ya nutse, ta sunkuya ta duba. Za ta gan shi. Amma ranar da ta ɗaga kai, ruwan zai koma ruwa, ba za ta sake ganinsa ba har abada. Ta yi yadda aka ce. Tana sunkuyawa sai ga ɗanta cikin ƙwarya, yana ɗinkin homa yana dariya.

Shi ke nan, ta zauna. Damina ta wuce, rani ya wuce, tana sunkuye. Tumba ce ke ba ta abinci a baki, ita ke yi mata shara, ita ke kore kaji kada su sha ruwan ƙwaryar. Yarinya ta girma, aka sa mata rana, ta zo sallama da lalle a hannu ta ce, "Inna, ɗaga kai ki gan ni." Uwar ta ce, "Bari, ga shi nan shina dariya." Tumba ta tafi gidan miji. Wajen haihuwar fari ta rasu. Da aka zo wucewa da makara ta ƙofar gidan, mata suka ce wa uwar ta ɗaga kai ta yi bankwana da ɗiyarta. A ranar ta so ta ɗaga, amma wuya ya riga ya ƙage.

Sai ta roƙi ƙwarya ta nuna mata Tumba. Ruwa ya ce shi ba ya nuna fuska sai wadda mai dubawa ya sani. Ya motsa, ya kwanta, sai ga wata 'yar yarinya mai giɓin famfara, da majina a hanci. Iyakar Tumbar da uwar ta sani ke nan.

Nan Kaka take tsayawa, ta ɗauki sandarta ta ce, "Ta ƙare. Ban ƙara mata gishiri ba." Ba ta taɓa gaya mana darasin da ke ciki ba. Na tuna wani dare na ji haushin matar nan har na ce, "Kaka, ai wawuya ce! Me ya hana ta zubar da ruwan tun farko?" Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Kai kana iya zub da ɗanka ƙasa?" Ban sake tambaya ba, kuma daren nan ban ci kifin da ta ba ni ba.

Sai da na yi gemu na ji cewa Kaka ta taɓa haihuwar namiji, Mamman, wanda gulbi ya ci wata shekarar ambaliya. Innata tana ƙarama a lokacin. Ta gaya mini a taƙaice, tana tsintar shinkafa, cewa ita maƙwabta suka yi wa kitson farko, don uwarta kullum tana bakin ruwa.

Da na fara sana'a na sha zuwa Argungu da kyamarata ta zamani, Kaka ta sha korata.

"Mutum shi ƙanƙance ido guda, shi ɓoye huska bayan ƙarhe, shi auna ni kamar maharbi? Ba da ni ba, angona. Tahi ka harbi amarenka."

Waya kuwa cewa take ana ɗaga mata ita kamar an kama ɓarawo. Na taɓa gwada ɗaukarta a sace, ta gane, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yini ba ta yi mini magana ba. Daga nan na haƙura.

Bara innata ta kira ni ta ce ƙafafun Kaka sun kumbura, abinci ma sai an lallashe ta. Hankalina ya tashi. Na rufe shago na nufi gidan Baba Lasisi, wani dattijon Bayarabe da ya tsufa a Birnin Kebbi yana ɗaukar hoto tun zamanin fim, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Na gaya masa ina son kyamarar da ba a ɗaga ta zuwa ido. Na kuma ce ina son mai cin fim mai faɗi, irin wanda kowane hoto yake kusan tafin hannun yaro, don in sau ɗaya za a ba ni dama, ina son kowane layi na tsagen nan ya fito.

Ya sa aka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da kyamara guda uku. Ta farko ƙatuwa ce, nauyinta kamar bulo, idonta garau. Na ɗaga ta na ji daɗinta a hannu, amma sai an kai ta fuska, kuma in ta ɗauka ƙararta kamar an buga ƙyaure.

"Wannan za ta firgita tsohuwa," in ji shi. "Ajiye."

Ta biyu mai ninkewa ce, tana da fata kamar zugazugin maƙeri, ba nauyi. Baba Lasisi ya buɗe bayanta ya ɗaga ta saitin rana, sai ga haske yana tsiyaya ta ƙananan huji. Ya ce wannan ta gama aiki, duk fim ɗin da aka sa mata zai ƙone.

Ta uku baƙa ce mai kusurwa huɗu, da idanu biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya buɗe murfin samanta ya rataya mini ita a wuya, ta sauka daidai cikina. Ya ce in duba ƙasa. Na sunkuya, sai ga shi cikin wani ɗan gilashi, da hularsa da furfurarsa, yana motsi. Ya bayyana mini cewa idon sama na mai ɗauka ne, na ƙasa shi ke kai hoto kan fim, kuma in ta ɗauka ba a jin komai sai ɗan ƙyas. Ya gwada ta a kunnensa sau da yawa, ya leƙa idanun ko sun yi fumfuna, ya ce lafiyarta lau.

"Hoto sha biyu ne a fim ɗaya, Bashar, ba irin naku da kuke ɓarin wuta ba. Kuma da wannan ba ka auna mutum. Rusuna masa kake yi."

Ina jin haka na ce ita nake so. Ya ɗauko fim daga cikin firij ya nuna mini yadda ake ɗora shi, ya ce in na gama in kawo ya wanke da hannunsa.

Na isa Argungu bayan la'asar. An shimfiɗa wa Kaka tabarma a tsakar gida kusa da murhun banda, wanda ya daɗe ba a hura ba. Ta rame ƙwarai, sai idanu. Ta ga abin da ke wuyana ta ce, "Wanga kuma mi na?" Na ce kyamara ce, amma ba a ɗaga ta, sunkuya mata ake yi. Na durƙusa na nuna mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Oho, angona ya koyi ladabi da tsuhwa. To, in kai za ka duƙa, ɗauka."

Innata ta ɗaura mata kallabi, ta jingina ta da bango. Na ja baya kaɗan, na buɗe murfi, na sunkuya. Ga Kaka cikin gilashi. Na murɗa a hankali har tsagen suka fito ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan tabo a gefen hancinta da ban taɓa lura da shi ba. Ban taɓa ganinta da kyau haka ba. Hasken yamma yana gudu, ina tsoron kada in ɓata ko ɗaya.

"Bashar," in ji ta.

"Na'am, Kaka. Kada ki motsa."

Na danna, na murɗa fim, na sake saiti.

"Bashar."

"Saura kaɗan, Kaka, don Allah ɗan tsaya haka."

Ta tsaya. Ta yi shiru har na cika sha biyun. Kafin in rufe murfi in naɗe fim in adana shi, gajiya ta kama ta, ta lumshe ido, innata da wata maƙwabciya suka kai ta ɗaki. Na leƙa na tarar tana barci. Na ce bari in kai fim a wanke, in dawo in nuna mata kanta. Ban sake samunta da rai ba, ranar da zan koma aka kira ni jana'iza.

Bayan an share makoki na je wurin Baba Lasisi. Ya shimfiɗa hotunan a kan tebur, duka sha biyun sun fito, ba wanda ya lalace. Kowane layi yana nan. Amma na lura ko a ɗaya ba ta kalli kyamara ba, idanunta suna sama kaɗan. Na tambaye shi ko kuskuren saiti ne.

"Ba kuskure ba ne. Kyamarar tana cikinka, kanka yana sama. Kai take kallo."

Na kai wa innata guda. Ta ƙura masa ido ta ce, "Ni ba ta taɓa yi mini wannan kallon ba." Ta miƙo mini, ta ce in tafi da shi, ba ta son a bar shi a ɗakinta.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan ta wata wawuyar mata ce. Da na ji labarin Mamman na ɗauka Kaka ce take neman gafarar ɗiyarta ta hanyar da bakinta zai iya, ita kuwa ɗiyar tana tashi tun ba a kai wurin ba. Yanzu ban ƙara ganin wautar kowa ba. Na san daɗin abin da ke cikin ƙwaryar nan, na san yadda mutum yake jin in ya ɗaga kai zai yi asara. Abin da na nema na samu, 'ya'yana sun san fuskarta, ƙaramar har tana ƙirga tsagen da yatsa. Duk da haka raina bai huta ba, kuma ba na jin zai huta.

Na sa hoton a firam na rataye shi a shago, ƙasa-ƙasa, daidai cikina. Masu zuwa suna cewa na rataye shi ba daidai ba, in ɗaga shi sama. A nan ne kaɗai, in na tsaya gabansa, idonta yake sauka kan fuskata. Wani lokacin in ba kowa a shagon nakan ce, "Na'am, Kaka, ina jin ki." Har yau ban san abin da ta kira ni ta gaya mini ba.