Shebur ɗin Baballe Direba

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Kibiya ba, don haka duk ilimin reluwe na garin yana hannun mutum ɗaya, Malam Baballe Direba. Ya fi shekara arba'in da ajiye aiki ya dawo noma, amma har yau in ka zauna a majalisarsu ta gindin darbejiya, sai ya kai ka Nguru ya dawo da kai kafin la'asar. Zai tura hula gaba, ya ja igiyar da babu ita, ya yi maka kukan tsohon kan jirgi mai cin kwal har awaki su watse.

"Ni na tuƙa shi," yakan ce, "baƙi wuluk, yana huci!"

To, tsakani da Allah, ko amalanke Baballe bai taɓa tuƙawa ba. Aikinsa zuba kwal a wuta, daga tasha zuwa tasha, shekara goma sha biyu. Ranar da ya dawo gida wani ya kira shi Direba, bai gyara ba. Washegari ma bai gyara ba, suna ya zauna daram. Matarsa Luba kaɗai ta san zancen, ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta a wankin baƙaƙen riguna.

Wata ranar kasuwa sai ga wata ma'aikaciyar reluwe daga Kano, Fatima Zahra'u, da littafi a hannu. Ta durƙusa ta gaida dattawa, ta ce ana gyara wani tsohon kan jirgi don a ajiye mutane su riƙa gani, ita kuma tana rubuta yadda aka yi aiki da shi.

"Baba, tsofaffi goma sha ɗaya na samu, kowa direba ne," in ji ta. "Sai ka ce jirgin nan iska yake sha. Mai zuba kwal ko ɗaya babu. In ban samu ba, haka za a rufe littafin, ba wanda zai san yadda ake ciyar da wutar."

Hammadu mai kayan miya ya tuntsire da dariya. "Yarinya, nan ma kin yi rashin sa'a. Ga Baballe, na sha biyu ke nan!"

Baballe ya taya su dariya, amma abin ya soke shi. Shekara goma sha biyu na gumi za su tafi a banza, saboda wani suna da ya tsinta. Har Fatima Zahra'u ta miƙe, ya ce ta dakata. Ya shiga gida ya fito da wani tsohon shebur mai siririn baki, ya tsaya gaban tulin takin da za a kai gona.

Ya kafa ƙafa ɗaya, ya ɗebi taki, ya murɗa ƙugu, ya watsa kamar mai zuba kwal a murhun jirgi. "Kusurwar hagu. Kusurwar dama. Can ƙurya. Sannan bakin ƙofa. Ba a tara shi wuri guda, wuta shaƙewa take yi." Takin ya bazu shimfiɗe kamar an baza shanya. Ya dafa baya yana haki, ya ƙi kallon abokansa.

"Ni ban taɓa tuƙi ba. Wuta na ciyar."

Sai Hammadu ya tafa hannu. "Ashe shi ya sa takin gonarka ya fi na kowa daidaita! Wallahi mu da cewa muke asiri ne!"

Fatima Zahra'u ta buɗe littafi. "Baba, me zan sa a gaban sunanka?"

"Mai zuba kwal," in ji shi.

Daga cikin zaure sai aka ji muryar Luba: "'Yar nan, ki bar layi ɗaya a ƙasa. Akwai wadda ta wanke rigunan."