Barau Ya Fasa Marmara

Barau na Dingaya haƙar rijiya ya gada. Abu guda ubansa ya dasa masa a kai: in ka tarar da marmara, jan dutsen nan mai cin bakin diga, kada ka tsaya, ruwa na ƙarƙashinta. Daga Fagam har Farin Dutse an sha ruwan hannunsa.

Sai kuɗin mai suka zo, aka kawo motar haƙa burtsatse. Aikin da ke cinye wa Barau rani guda, ita kafin kasuwa ta zagayo ta gama. Aka daina aiko masa da goro.

Ana nan sai Alhaji Badaru, wani ɗan kwangila a Birnin Kudu, ya neme shi. Ya gina gidan siminti a kan laka, bangon ɗakin matarsa ya tsage har kana hango tsakar gida. Magini ya ce a haƙa ramuka ƙarƙashin harsashin, a cika su da rodi da kankare, su zama ƙafafun da ginin zai tsaya a kai.

"Malam Barau, ka haƙa har ka kai inda ya kamata," in ji maginin, yana tayar da babur zai tafi wani aikin a Kano.

"Ni za ka koya wa inda ya kamata? Yaro, kana goye ina cikin rami."

Barau bai yi nisa da haƙa ba ya tarar da marmara. Nan maginin ke nufi, a ɗora kankare bisa dutse. Barau kuwa ya tofa yawu a tafi, ya yi bisimilla, ya fasa ta. Kowane rami sai da ya kai shi yashi mai danshi.

Alhaji ya leƙa. "Kai, wannan zurfi! Ko injin Turawa albarka." Bai jira magini ba ya sa leburori suka zuba kankare. Siminti ya ƙare, rami ɗaya ya rage.

Da damina ta kankama ƙafafun suka nutse cikin yashi, suka ja bangon. Ɗakin ya durƙusa da rana tsaka. Allah ya kiyaye, matar tana madafi.

"Na ce ka tallafe min gida, ka kai min shi wanka?" Alhaji ya faɗa a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, a gidanmu abin kunya ne a bar rami kan marmara."

"To ga kunyar nan, kwashe ta ka tafi da ita Dingaya."

Daga ranar ko yasar rijiya ba a sake kiransa ba.

Ramin nan da ya rage ya kawo ruwa. Unguwa ta ɗaure masa baki, ko burtsatse ta lalace shi ba ya ƙafewa. Rijiyar Alhaji ake ce masa.

Da tsufa ya kama Barau, ya zo asibiti, ya ratsa ta wurin ya roƙi ruwa. Wata mata ta miƙo masa ƙwarya.

"Baba, ka sa wa Alhaji albarka, shi ya haƙa mana."

Ya shanye, ya goge baki, ya mayar mata da ƙwaryarta.