Malam Sada Mai Labaran Duniyar Wata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita aiki babban ɗansa ya kira ni daga Ƙanƙara. Malam Sada ya rasu.

Har yanzu na kasa karyawa.

Da yawanku ba ku san shi ba. Malamin kimiyya ne a sakandare har ya yi ritaya, kuma yana rubuta ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. Manoman Pauwa da suka tafi noman gero duniyar wata. Butum-butumin da aka ba kiwon shanu, ya shaƙu da su har ya hana a sayar da ko ɗaya. Littattafansa ba su yi kasuwa ba. A gari Malam Sama-jannati ake tsokanarsa, shi ko sai dariya.

Yana da 'yar mujalla da yake tacewa shi kaɗai, a buga a shagon fotokwafi, daga baya ta koma WhatsApp. Can na aika labarina na farko, duk Turawa ne a ciki. Ya gyara shi tsaf, sannan ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, ku a Sabuwa ba ku ganin taurari ne?"

Tun daga ranar ban sake aron garin wasu ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyenmu muka dawo Faskari, na daina rubutu kwata-kwata. Bai yi mini faɗa ba. Yakan kira ya gaida Inna, ya tambayi ƙannena. Sai wata rana ya ce kowa na iya faɗin yadda garinmu ya lalace, shi yana son in rubuta masa yadda zai zama bayan ya gyaru. Kuka na sha kafin na fara, amma na rubuta.

Ganinmu na ƙarshe bayan Babbar Salla ne, ranar kasuwar Ƙanƙara. Ya rame, ido ya yi rauni, don haka ni na karanta masa sabon labarina a zaure. Ina tsaka da karatu ya ɗaga hannu.

"Tsaya. A sararin samaniya ruwa ba ya zuba ƙasa. Ya aka yi Hajiyar nan taki ta yi alwala da buta?"

Muka yi ta musu har Hajiyarsa ta aiko da fura. Da zan tafi ya ce kada in taɓa wurin, zai yi tunani ya kira ni.

Labarin na nan yadda muka bar shi.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai taɓa jin sunansa ba, ya sa shi a addu'a yau.